Farfesa Abdus Salam: Masanin Da Har Yau Ake Gwada Hasashensa A Ƙarƙashin Ƙasa

A watan Afrilun 1996, a cikin wani ramin haƙar ma'adinai da ke Kamioka a ƙasar Japan, masana suka kunna na'urorin da ke kewaye da wani makeken tanki mai cin tan 50,000 na ruwa, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse. Ɗaya daga cikin dalilan gina tankin shi ne a gano ko furoton, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar kowace zarra, yana ruɓewa ya mutu. Wata bakwai bayan nan, ranar 21 ga Nuwamba, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka ce a binciki wannan batu ya rasu a birnin Oxford na Ingila yana da shekara 70. Shi ne Farfesa Muhammad Abdus Salam, ɗan Pakistan na farko da ya samu kyautar Nobel. Har yau tankin yana aiki, kuma har yau ba a ga furoton ko ɗaya ya mutu ba.

Salam ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman asali guda ga abubuwan da ake gani a rarrabe. Hasashensa na farko ya tabbata yana raye, shi ne ma ya kawo masa Nobel. Na biyu, wanda ya fi girma, ya mutu ya bar shi a hannun masu gwaji. Shekara 40 ke nan gwaje-gwaje suna rage masa fili, amma ba su kai ga binne shi ba.

Daga Jhang Zuwa Cambridge

An haifi Abdus Salam ranar 29 ga Janairun 1926 a lardin Punjab, lokacin ƙasar Indiya tana hannun Turawan Ingila. Ya tashi a Jhang, garin manoma da a wancan zamani ba shi da wutar lantarki. Mahaifinsa, Chaudhry Muhammad Hussain, ma'aikaci ne a sashen ilimi, kuma babban burinsa shi ne ɗan nasa ya shiga aikin gwamnati a babban mataki. Salam ya sha ba da labarin malaminsu na kimiyya, wanda ya koya musu cewa ƙarfin da ke jawo abu ƙasa yana ko'ina, amma ƙarfin lantarki sai an je Lahore, na nukiliya kuwa sai Turai.

Yana da shekara 14 ya zauna jarrabawar kammala sakandare ta Jami'ar Punjab, ya ci makin da ba a taɓa ci ba kafin shi. Ranar da sakamako ya fito, mutanen gari suka fito suka tarye shi yana bisa kekensa. Daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Lahore, inda ya samu digiri na biyu a lissafi a 1946. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa an dakatar da ɗaukar manyan ma'aikata, saboda haka burin mahaifinsa bai cika ba. A maimakon haka sai ya samu tallafin karatu daga wani asusu da aka kafa domin 'ya'yan ƙananan manoman Punjab, ya tafi Kwalejin St John's ta Jami'ar Cambridge.

A 1949 ya gama da daraja ta ɗaya a lissafi da fiziks. A binciken digirinsa na uku ya warware wata matsalar lissafi da ta gagari manya game da ƙwayoyin cikin zarra, kuma aikin da ya wallafa a 1951 ya sa sunansa ya karaɗe duniyar masana.

Komawa Gida Da Sake Fita

A 1951 ya koma gida, wanda a lokacin ya zama sabuwar ƙasa mai suna Pakistan, ya kama koyarwa a tsohuwar kwalejinsa. Bai tarar da mujallun bincike ba, bai kuma tarar da abokin tattaunawa ba. Cikin ayyukan da hukumar kwalejin ta ɗora masa har da kula da ƙungiyar ƙwallon ƙafa. A 1953 kuma tarzoma ta ɓarke a Lahore a kan mabiya Ahmadiyya, ƙungiyar da aka haife shi a cikinta. Ya fahimci cewa ko dai ya bar bincike ko ya bar gida. A 1954 ya koma Cambridge, a 1957 ya zama farfesa a Kwalejin Imperial da ke Landan, kuma a 1959, yana da shekara 33, aka zaɓe shi cikin Royal Society.

Bai yanke hulɗa da ƙasarsa ba. Daga 1961 zuwa 1974 shi ne babban mai ba shugaban Pakistan shawara kan kimiyya. Da hannunsa aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, kuma ya nema wa ɗalibai masu yawa guraben karatu a waje. Amma kaɗaicin da ya sha a Lahore bai bar zuciyarsa ba. Wannan ne ya sa ya yi ta fafutika a Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya har aka buɗe Cibiyar Nazarin Fiziks ta Ƙasa da Ƙasa a birnin Trieste na Italiya a 1964. Tsarin da ya shimfiɗa shi ne malami daga ƙasa mai tasowa ya zo ya yi 'yan watanni yana bincike tare da tsararrakinsa, sannan ya koma jami'arsa ya ci gaba da koyarwa. Malamai da dama daga jami'o'in Najeriya da Sudan da Ghana sun ci gajiyar tsarin. Jami'ar Maiduguri ta ba shi digirin girmamawa a 1981.

Hasashen Da Ya Tabbata

Masana sun gano cewa ƙarfi huɗu ne ke tafiyar da duk wani motsi a halitta. Akwai ƙarfin jan nauyi, wanda ke riƙe duniya a kan hanyarta ta kewaya rana. Akwai na lantarki da maganaɗisu. Akwai babban ƙarfin nukiliya, wanda ke ɗaure tsakiyar zarra kada ta watse. Akwai kuma ƙaramin ƙarfin nukiliya, wanda ke sauya wata ƙwaya ta koma wata, kuma ba don shi ba da rana ba ta ci ba. Tun a ƙarni na 19 James Clerk Maxwell ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu abu ɗaya ne. Salam ya yi imani cewa sauran ma haka suke.

Sheldon Glashow ya aza tubalin farko a 1961. Steven Weinberg a 1967 da Salam a 1968, kowa a nasa ɓangaren, suka kammala nazariyyar da ta haɗa ƙarfin lantarki da ƙaramin ƙarfin nukiliya. A 1973 cibiyar CERN da ke kusa da Geneva ta ga wani nau'in karo tsakanin ƙwayoyi wanda nazariyyar ta ce za a gani. A 1979 aka ba su ukun kyautar Nobel. Salam ya je Stockholm da rawani da doguwar riga da takalmi mai lanƙwasasshen baki irin na Punjab, kuma a wajen liyafar ya karanta ayoyi daga Suratul Mulk. Kuɗin da ya samu ya zuba su a tallafa wa matasan masana. A 1983 CERN ta gano ƙwayoyin W da Z da nauyin da lissafi ya nuna, kowace ta ninka furoton nauyi fiye da sau 80. Gani ya kori ji.

Shekarar 1974

Tun kafin Nobel, hankalinsa ya riga ya wuce gaba. Idan biyu sun haɗu, me zai hana na uku? A 1973 da 1974 shi da Jogesh Pati, wani masani ɗan Indiya, suka fitar da tsarin da ya ɗauki kwak, wato ƙananan ƙwayoyin da aka gina furoton da su, da dangin ilektaron a matsayin 'yan gida ɗaya. Idan kuwa gidansu ɗaya, to wannan zai iya rikiɗa ya zama wancan, kuma ma'anar haka ita ce furoton ba mai dawwama ba ne. A 1974 Howard Georgi da Glashow suka kawo nasu tsarin mai suna SU(5), wanda ya dunƙule ƙarfi uku wuri guda. Irin waɗannan tsare-tsare su ake kira nazariyyar babbar haɗaka.

A wannan shekarar dai Julius Wess da Bruno Zumino suka bunƙasa wata dabara da wasu masanan Tarayyar Sobiyet suka fara ganowa. Ƙwayoyin halitta gida biyu ne: masu gina abu, kamar ilektaron da kwak, da masu ɗaukar ƙarfi, kamar ƙwayar haske. Dabarar ta ce kowace ƙwaya tana da tagwainiya a ɗaya gidan, sai dai ta fi ta nauyi, shi ya sa ba a gan ta ba tukuna. Salam da abokin aikinsa John Strathdee ne suka ƙirƙiro hanyar lissafin da har yau ake rubuta wannan nazariyya da ita, kuma a rubutunsu ne sunan sufasimetiri ya bayyana. A Hausance ana iya kiran ta ƙa'idar tagwaitaka.

Cikin wannan shekara mai albarka ga bincikensa ne ƙasarsa ta juya masa baya. Ranar 7 ga Satumban 1974 majalisar dokokin Pakistan ta gyara tsarin mulki ta ayyana mabiya Ahmadiyya a matsayin waɗanda ba Musulmi ba, matsayin da akasarin malaman Musulunci suke a kai. Salam, wanda ya rayu yana ɗaukar kansa Musulmi, ya ajiye muƙaminsa na mai ba da shawara. Duk da haka bai taɓa sauya fasfonsa na Pakistan ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Dalilin Haɗa Biyun

A 1981 Savas Dimopoulos da Georgi, da kuma Norisuke Sakai a Japan, suka haɗa babbar haɗaka da tagwaitaka a tsari guda. Dalilin yana cikin lissafi. Haɗakar ba ta faruwa sai a wani zafi mai tsananin gaske, kuma idan aka sa wannan zafin a lissafi, nauyin ƙwayar Higgs, wadda ke ba sauran ƙwayoyi nauyi, sai ya yi tashin gwauron zabi ya wuce hankali. Tagwaitaka tana gyara wannan kamar yadda littafin ciniki ke daidaita: duk adadin da ƙwaya ta shigar, tagwainiyarta tana fitar da kwatankwacinsa. Sharaɗin shi ne kada tagwayen su yi nauyi da yawa. Idan suka wuce ninkin furoton kamar sau 1,000 da nisa, lissafin ya fara karkacewa.

A 1991 aka samu alamar da ta ƙarfafa wa masana gwiwa. Ƙarfin nan uku ba su tsaya a ma'auni ɗaya ba, suna sauyawa gwargwadon zafin da aka auna su a kai. Da injin LEP na CERN ya auna su da kyau, sai aka ja layin kowane zuwa gaba, kamar hanyoyi uku da ake son a ga ko suna da mahaɗa. Ba tare da tagwaye ba, hanyoyin suna saɓa wa juna. Da aka sa tagwaye a lissafin, sai suka haɗu kusan a wuri ɗaya. Salam ya ga wannan sakamako da ransa. Sai dai mahaɗar tana wani matakin makamashi da ya ninka na injin da ya fi kowane ƙarfi a yau fiye da sau tiriliyan ɗaya. Ba mai iya zuwa can, sai dai a nemi sawunta daga nesa.

Shaidar Tankunan Ruwa

Sawu na farko shi ne mutuwar furoton. Tsarin SU(5) mafi sauƙi ya ba furoton wa'adin shekaru kimanin 1 da sifili 30 ko 31 a bayansa, alhali shekarun sararin samaniya duka biliyan 13.8 ne. Ba wanda zai zauna jiran furoton ɗaya. Dabarar ita ce a tara su da yawa. Mai sito da ke da buhu miliyan, ko da buhu ɗaya cikin miliyan ne ke lalacewa a shekara, zai ga ɗaya kafin shekara ta ƙare. Tan ɗaya na ruwa yana ɗauke da furoton kimanin 3 da sifili 29 a bayansa, saboda haka aka cika tankuna da tsabtataccen ruwa a can ƙarƙashin ƙasa, aka jera na'urorin da ke ganin ɗan ƙyallin hasken da mutuwar za ta bayar.

An yi irin wannan farauta a ramin zinare na Kolar a Indiya, da ramin gishiri a jihar Ohio ta Amurka, da kuma Kamioka. A 1983 masu gwajin Ohio suka bayyana cewa ba su ga komai ba, kuma da wannan tsarin SU(5) mafi sauƙi ya faɗi. Tsarin da ke da tagwaye ya tsira a lokacin, domin ya ba furoton tsawon rai. Amma shi ma ya zo da nasa alkawarin, cewa furoton zai fi ruɓewa ya bar wata ƙwaya mai suna kawon tare da nutirino. Babban tankin Super-Kamiokande ya nemi wannan bai samu ba. Abin da ya tabbatar shi ne cewa ta wannan hanya ran furoton ya wuce shekara 5 da sifili 33, ta ɗaya hanyar kuma ya wuce 2 da sifili 34. Wannan ya jefa tsarin SU(5) mai tagwaye mafi sauƙi cikin tsaka mai wuya, ba ya tsira sai an ɗauka tagwayen suna da nauyi ƙwarai.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. A Fabrairun 1987 tankunan Ohio da Kamioka suka kama nutirino daga wani tauraro da ya tarwatse. A 1998, shekara biyu bayan rasuwar Salam, Super-Kamiokande ya nuna cewa nutirino yana da nauyi. Tsarin Pati da Salam tun asali ya tanadi gurbin da ke sa hakan ya zo da sauƙi, kuma bai ɗaure kansa da gajeren wa'adin furoton irin na SU(5) ba. Don haka har yanzu yana cikin waɗanda ake nazari a kai.

Shaidar Babban Inji Da Ta Sama

Sawu na biyu shi ne tagwayen kansu. Injin LHC na CERN, wanda ramin da yake ciki ya kai kilomita 27 a kewaye, yana gwara furoton da furoton domin a ga abin da zai fito. Ranar 4 ga Yulin 2012 aka sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda ita ce tubali na ƙarshe a ginin da Salam da Weinberg suka yi. Nauyinta, kimanin ninkin furoton sau 133, bai fita daga iyakar da tagwaitaka ta yarda da ita ba, amma yana kusa da bakin iyakar. Tagwaye kuwa ko ɗaya ba a gani ba. A tsare-tsare mafiya sauƙi, tagwainiyar ƙwayar da ke ɗaukar babban ƙarfin nukiliya dole ta ninka furoton nauyi fiye da sau 2,000, in dai akwai ta. Littafin cinikin nan ya fara buƙatar gyare-gyaren da aka ƙirƙiro tagwaitaka domin a guje musu.

Sawu na uku yana sama. Zafin da haɗaka ke buƙata ya taɓa wanzuwa sau ɗaya, a cikin wani ɗan mitsitsin yanki na daƙiƙar farko ta sararin samaniya, kuma duk abin da aka ƙera a lokacin ya kamata ya bar alama. A 1979 John Preskill ya lissafa cewa babbar haɗaka za ta haifar da wasu ƙwayoyi masu nauyi, maganaɗisu mai kai ɗaya, da yawan da zai rinjayi duk sauran abin da ke sararin. Ba a ga ko ɗaya ba. Neman mafita daga wannan ne ya kai Alan Guth ga ra'ayin da ya wallafa a 1981, cewa sararin ya yi wani kumburi na farat ɗaya wanda ya watsa su har suka yi ƙaranci.

Tagwaitaka ma tana da nata bashin. Iskar haidurojin da hiliyom an dafa su ne a mintunan farko, kusan kashi 75 da kashi 25 cikin 100, kuma abin da aka auna ya dace da lissafi. Tagwainiyar ƙwayar jan nauyi, in ta yi yawa kuma ta yi jinkirin ruɓewa, za ta farfasa waɗannan sinadarai ta ɓata ma'aunin. Wannan ya sa wa zafin da sararin ya yi bayan kumburin iyaka. Sannan akwai ɓoyayyen abin nan da ke riƙe gungun taurari, wanda ya ninka abin da ake gani kusan sau biyar. An daɗe ana zaton tagwainiya mafi rashin nauyi ce. Tauraron ɗan adam na Planck ya auna yawansa da kyau, don haka duk tsarin da ya samar da fiye da wannan adadi ya faɗi. Na'urorin da aka binne a jihar Dakota ta Kudu a Amurka da Gran Sasso a Italiya suna jiran ƙwayar ta taɓa su, kuma har yanzu shiru.

Ƙarshen Rayuwa

Tun a shekarun 1980 wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta fara cin ƙarfinsa, har ta kai shi ga keken guragu, daga baya magana ma ta yi masa wuya. Duk da haka a 1983 ya kafa Kwalejin Kimiyya ta Ƙasashe Masu Tasowa, ya kuma ci gaba da jagorantar cibiyar Trieste har 1993. Ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya shida. An kai gawarsa garin Rabwah a Pakistan, inda dubban mutane suka raka shi, aka binne shi kusa da iyayensa. Rubutun da ke kan kabarinsa ya bayyana shi a matsayin Musulmi na farko da ya ci Nobel, amma daga baya aka goge kalmar Musulmi bisa umarnin wani majistare. A 1997 aka sa wa cibiyar Trieste sunansa.

Yau masana sun kasu. Wasu suna ganin tagwaitaka ta ci amanar alkawarin da ta ɗauka, wasu kuma suna cewa tagwayen suna nan, nauyi ne kawai ya ɓoye su, kuma haɗuwar hanyoyin nan uku ba za ta zama dace kawai ba. Salam da kansa ya sha nanata cewa gwaji ne alƙali, komai kyawun lissafi. A Japan ana gina Hyper-Kamiokande, tankin da zai ci kimanin tan 260,000 na ruwa, a wani dutse da ba shi da nisa da na farko. Za a cika shi, a rufe, a kashe fitilu, a ci gaba da jiran furoton ɗaya.